Yadda Na Je Doha Karanta Girkanci Na Dawo da Labarin Akuya

Talata: daga gida zuwa Legas

Ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba na fito daga ɗaki da jaka ɗaya, bayan na buɗe ta na sake rufewa sau uku. A ciki akwai riguna huɗu, da Sabon Alkawari na Girkanci, da ƙamus, da littafin nahawu, sai kilishi da daddawa waɗanda Gwaggo Saratu ta ce in ban kawo ba kada ma in sauko daga jirgi. Baba ya riga ni tashi. Na same shi tsugune a bakin kaskon jima yana juya fatu da sanda, fitila a gefensa.

Baba majemi ne. A ƙauyenmu da ke kusa da Malumfashi babu gangar zumuntar matan coci da ba daga hannunsa fatarta ta fito ba. Ni ma da kartaji, wuƙar majema, a hannu na tashi, ina kankare gashi ina wanke toka, har na shekara goma sha bakwai. Da na shiga kwalejin tauhidi a Jos sai na koyi wanka sau biyu a rana, na kuma koyi cewa babana ɗan kasuwa ne.

Dalilin tafiyar kuwa Gwaggo ce. Ƙanwar Baba ce, nas, shekararta tara tana kula da wani tsoho a Doha mai suna Abu Rashid. Tsohon yana da ɗaki guda na tsofaffin littattafan rubutun hannu, kowanne da katinsa mai bayyana ko mene ne shi. Guda ɗaya ne kawai babu kati, don ba Larabci ba ne, kuma ba ya so ya mutu ya bar shi haka. Gwaggo ta leƙa ta ga gicciye a ciki, sai ta ce masa ɗan wanta yana karanta irin wannan rubutun kamar ruwa. Sati uku bayan haka biza da tikiti suka iso. Na roƙe ta hoton shafi ɗaya, ta aiko mini da hoton bango, rabinsa babban yatsanta ne.

Da na yi wa Baba sallama ya miƙo hannu, ya ga na dubi hannun, sai ya juya ya ba ni tsintsiyar hannunsa.

"Allah ya kiyaye hanya. In ka ga fatun Larabawa ka duba mini yadda suke aikinsu."

"Baba, karatu zan je yi."

"To, in karatun ya bar maka ido."

Ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Malumfashi biyar da rabi. Mota ta cika shida da minti goma, naira ɗari bakwai zuwa Kano, mu huɗu a baya. Mun bi ta Dayi da Gwarzo, shinge uku muka tarar. A na biyun wani ɗan sanda ya sa na buɗe jaka, ya ɗauki Sabon Alkawarin ya riƙe shi a kife.

"Malam, wannan wane irin ajami ne?"

"Na Bulus ne, ranka ya daɗe."

"Wane Bulus? Na Funtuwa?"

Direba ya leƙo ya ce shi ne, mutumin kirki, aka bar mu muka wuce. Mun shiga Kabuga takwas da minti talatin da biyar. Jirgin Legas ya tashi sha ɗaya da rabi, kuma shi ne hawana na farko. Ban ga komai ba, domin na kusa da taga ya rufe ta, ni kuma na ji nauyin cewa ya buɗe. A Legas na zauna awa shida ina bitar kalmomin aikatau. Na Doha ya tashi takwas saura minti ashirin na yamma.

Laraba: Al Wakrah

Mun sauka biyar da kwata na safe agogon can, wanda ke gaban namu da awa biyu. Aka ɗauki hoton idona, aka buga hatimi, babu wanda ya tambayi daddawa. A bakin fita na hango wani dogon mutum mai furfura riƙe da kwali, an rubuta FARFESA ISHAYA da manyan baƙaƙe. Sau biyu na wuce shi ina fatan akwai wani Ishayan. A na uku ya kama jakata.

"Kai ne ko? Kunnenka irin na gwaggonka ne. Yalla, Farfesa, mu tafi."

Wannan shi ne Awudu, direban gidan Abu Rashid, mutumin Zangon Kumasi, shekararsa ashirin a ƙasar. Na ce masa ni ɗalibi ne, aji uku. Ya ce wannan maganar in bar ta a cikin mota, kada in shiga da ita gida. A hanya ya tsaya bakin wani shago ya danna oda, aka kawo mana shayin da suke kira karak har taga, riyal ɗaiɗai. Daga filin jirgi zuwa Al Wakrah, inda Gwaggo ke haya, minti ashirin muka yi. Titin ya yi santsi har na riƙa jin kamar an manta da wani abu.

Gwaggo ta rungume ni, ta ƙwace kilishin, sannan ta ja da baya ta shinshina ni.

"Madalla, babu warin. Ka ji ni da kyau: a nan babanka mai kamfanin fata ne."

"A Jos ɗan kasuwa ne."

"An yi masa ƙarin girma."

Muna cin shinkafa da kifi ta gaya mini abin da ba ta faɗa a waya ba. Abu Rashid ba ya karɓar magani daga hannun kowa sai ita. Ya kori nas uku kafin zuwanta, duk don sun ce masa allura ba za ta yi zafi ba. Ita kuwa ranar farko ta ce masa za ta yi zafi sosai, tun daga nan ya ce a duk gidan ita kaɗai ce ba ta yi masa ƙarya. 'Ya'yansa ma ta bakinta suke lallaɓa shi.

"To ka ga abin da na ɗora a kanka. Shekara tara. Ka dai iya, ko?"

Na ce ina fitowa na ɗaya a Girkanci tun aji ɗaya. Gaskiya ce.

Juma'a: majami'a

Alhamis tsohon yana asibiti, don haka na wuni a bakin tashar masunta ta Al Wakrah ina kallon jiragen katako. Juma'a muka tafi sujada, domin a can Juma'a ce Lahadi. Majami'un duka suna cikin katanga ɗaya a bayan gari, babu gicciye a waje, babu ƙararrawa, sai layin motoci da 'yan Indiya da 'yan Filifin da mutanenmu suna ta wuce juna. Mun fita bakwai da rabi, mun isa takwas da minti biyar.

Lokacin shaida Gwaggo ta karɓi makirfo. Ta ce Ubangiji ya ɓoye maganarsa shekaru ɗaruruwa a gidan Balarabe, yana jiran ɗan wanta ya gama aji uku. Aka yi guɗa, aka sa na miƙe. Bayan an tashi wani dattijo mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutumin Pankshin, ya tare ni ya ce in tambaye shi ya gajiya da Girkanci. Na ce irin Girkancin da na iya babu gajiya a cikinsa, amma zan iya gaya masa, kamar yadda yake a littafin nahawu, cewa bayi suna kwance jakunan manzanni. Ya ce to Allah ya ƙara basira, ya tafi neman shayi.

Asabar: Al Aziziya

Awudu ya zo takwas da rabi. Daga Al Wakrah zuwa gidan Abu Rashid a Al Aziziya kusan kilomita talatin ne, minti arba'in muka yi. A mota Gwaggo ta fesa mini turare, ta ba ni safar hannu ta asibiti, ta ce kada in kuskura in taɓa littafin mutane da hannun gidanmu.

Aka shigar da ni majalisa, wani dogon ɗakin baƙi mai kujeru jere da bango. Abu Rashid yana kan keken guragu, ɗan siriri, gemu fari, ido kamar na shaho. Tsohon ɗan kasuwa ne da ya yi zirga-zirgar Bombay, da Turanci muka yi magana. Awudu ya zuba mini gahawa a ɗan finjali. Na shanye na miƙa, ya sake zubawa. Na shanye na miƙa, ya sake. Ashe sai ka girgiza finjalin ake daina zubawa, kuma Awudu ya san ban sani ba. Na sha bakwai. Sai da tsohon ya ce khalas, ya isa, a ƙyale Farfesa, sannan Awudu ya daina.

Sha ɗaya saura kwata aka kawo littafin a kan matashi. Tsawonsa santimita ashirin da biyu, faɗi sha bakwai, bangonsa katako. Abu Rashid ya ce marigayi wansa ne ya sayo shi a Sham cikin akwatin littattafai fiye da shekara arba'in da suka wuce.

"A fatar barewa aka rubuta shi," in ji shi. "Duk baƙon da ya shigo ɗakin nan na gaya masa. Bismilla, ɗana, karanta mana."

Na sa safar hannu na buɗe.

Ya kamata in yi wa masu karatu bayani a nan. Girkancin da aka koya mana a Jos na inji ne, kowane harafi a tsaye shi kaɗai kamar soja. Wanda ya rubuta wannan littafin kuwa bai san da zuwana ba. Haruffa sun hau kan juna, uku sun zama ɗaya, wasu sun rataye a sama, wasu kalmomin an gutsure su an ja musu ɗan layi. Kamar an zubar da taliya ne a kan faranti. Na juya shafi goma, na gane kalmar "da" sau biyu.

Kanun da aka yi da jan tawada ne kawai suke da manyan haruffa irin waɗanda na sani. Da su na gane Bishara huɗu ce, na faɗa, Gwaggo ta ce haleluya. Tsohon ya ce ya ji, a karanta. Sai na juya can wajen ƙarshe har na ga sunan Yohanna da ja. Ayoyin farko na Yohanna kuwa kowane ɗan aji ɗaya ya haddace su da Girkanci, don jarrabawa. Na ɗora yatsa a layin farko, na gyara murya, na fara zubowa.

Ban taɓa karatu mai daɗin wannan ba. Gwaggo ta ɗaga hannu sama. Awudu ya ce masha Allah. Na kai aya ta biyar na tsaya, don a nan haddata ta ƙare.

Abu Rashid kuwa idona yake kallo. Ya turo kekensa kusa, ya sa yatsa ya juya shafi kamar ashirin baya.

"Nan fa?"

Na dubi shafin. Shafin ya dube ni.

"Ɗana," in ji shi, "ina ɗan shekara bakwai na yi wa malaminmu na allo wannan dabarar. Bakinka yana gudu, idonka yana zaune. Ya zane ni, har yau ina tuna sandar."

Agogon bango ya buga sha biyu, lokacin maganinsa. Gwaggo ta kawo ƙwayoyi biyu a ɗan kofi da ruwa, kamar yadda take yi kullum. Bai dube ta ba.

"Ajiye a can, Sara."

Ta ajiye a kan tebur, ta tsaya a gefe, hannu a baya. Tsohon ya ce da Awudu ya mayar da baƙo masauki, ya kuma nuna masa gari kafin ranar tafiyarsa, don kada tikitin ya tafi a banza.

Na cire safar hannun, don gumi ya cika ta, na sa hannu zan rufe littafin. Babban yatsana ya sauka a gefen shafin. Shekara uku ina hana yatsan nan halinsa, amma bai ji ba. Ya murza sau ɗaya, ya juya ya murza bayan. Sai na ji bakina ya ce da Hausa:

"Akuya ce."

Awudu ya tuntsire da dariya. Tsohon ya tambayi abin da na ce, Gwaggo ta ce ina neman gafara ne, Awudu ya ce a'a, ya fassara daidai.

"Barewa," in ji Abu Rashid.

"Akuya, ranka ya daɗe. Kuma ba ƙarama ba."

Ni da ba na iya tambayar hanya a tasha, na ji ina ta zuba. Na karkata shafin wajen haske na nuna masa ƙofofin gashi, jere-jere kamar an yi da tsinin allura, irin na akuya. Na nuna masa layin gadon baya da ya ratsa shafin, inda fata ta fi kauri. Na ce wannan ba jemammiyar fata ba ce, ba ta ga bagaruwa ba. Jiƙa ta aka yi, aka kankare, aka ɗaure ta a miƙe ta bushe, daidai yadda ake yi wa fatar ganga. Na nuna wani rami da wuƙar mai fiɗa ta yi, wanda marubucin ya kewaye shi da rubutunsa ya wuce abinsa.

"Wa ya koya maka wannan? Su ma a Jos?"

"Babansa yana da kamfanin..." in ji Gwaggo.

"Babana majemi ne," na ce. "Kasko uku gare shi a bayan gida."

Tsohon ya sa aka ɗaure mini ido da rawanin Awudu. Aka miƙo mini wani abu mai faɗi, na taɓa na ce ganga ce, fatar bunsuru. Ya ce haka ne, bunsurunsa ne, shi ya sa aka yanka. Aka miƙo takalmin tsohon, na murza, na shinshina, na ce saniya.

"Raƙumi! Da bakinsa mai shagon ya ce raƙumi."

"Saniya ce, ranka ya daɗe."

Aka kwance mini ido. Abu Rashid yana riƙe da takalmin yana kallonsa kamar ɗan da ya ba shi kunya.

"Shekara arba'in ina gaya wa manyan mutane barewa. Jakadu sun zauna a kujerar nan." Ya ajiye takalmin. "To me kuma akuyar ta gaya maka?"

Na roƙi a ba ni rabin awa. Tun ina juya shafukan na lura da wani tsari. Kowace fata tana da gefen gashi mai duhu-duhu da gefen nama mai haske, kuma wanda ya haɗa littafin ya sa gashi yana fuskantar gashi, nama yana fuskantar nama, don duk inda ka buɗe shafuka biyun su zama launi ɗaya. Baba ma haka yake jera fatu in zai kai kasuwa. Na bi littafin da yatsa tun daga farko, ban karanta ko harafi ba. Gashi da gashi, nama da nama, har na zo wani wuri inda gashi ya fuskanci nama. Na buɗa tsakiyar a hankali, sai ga ɗan siririn saura, an yanke warƙa guda da reza.

Wurin kuwa daidai bayan jan kanun nan ne mai sunan Yohanna. Shafin da na ɗora yatsa a kai jerin surori ne kawai. Ayoyin da na rera wa jama'a da murya mai daɗi suna kan warƙar da ɓarawo ya yanke tun kafin a haifi kakana.

Da na faɗa, tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Gwaggo ta matso da ruwa. Ya sha, ya share ido, sannan ya miƙa mata tafin hannu.

"Ina maganin? Kina so in mutu kafin a rubuta katin?"

Ta zuba masa ƙwayoyin ya haɗiye. Ƙarfe ɗaya saura minti goma ne, na duba.

"Kin yi mini ƙarya, Sara. Ba Farfesa ba ne."

"Ban ce na wane fanni ba, ranka ya daɗe."

Lahadi zuwa Talata: aikin kati

Kwana uku Awudu yana ɗauko ni bakwai da rabi yana mayar da ni biyar. Ya daina ce mini Farfesa, ya koma Sarkin Awaki. Na koyi girgiza finjali. Na ajiye Sabon Alkawarina na inji kusa da littafin, na fara daga farkon Markus, inda na san abin da ya kamata ya kasance a wurin, ina bi kalma da kalma. Ranar Lahadi layi tara na yi. Litinin na gane cewa wani abu mai kama da ƙugiya haruffa uku ne, na yi shafi biyu. Talata na karanta wa Abu Rashid shafi guda da ya zaɓa da kansa, ina tuntuɓe kamar ɗan aji ɗaya, yana kallon idona bai kalli bakina ba. Da na gama ya ce yanzu ya ji karatu, mummuna amma na gaskiya.

Sauran lokacin na ƙirga. Warƙa ɗari biyu da talatin da tara, an ɗinke su takwas-takwas, wato ɗauri talatin babu warƙa ɗaya. A lissafina kowane ɗauri dabba guda ce. Ashirin da uku awaki ne. Bakwai na ƙarshe tumaki ne, sun fi maiƙo, sun fi rawaya, wata ma ta fara rabuwa biyu a kusurwa. Da alama masu aikin sun cinye awakinsu kafin su gama Luka. Game da shekarunsa na gwada rubutun da hotunan da ke bayan littafin nahawuna, na rubuta ƙarni na sha biyu ko na sha uku, na sa alamar tambaya, na kuma ce a nemi wanda ya fi ni. Tsohon ya ce alamar tambayar ce ta fi burge shi a duk katin.

Shi ya rubuta ɓangaren Larabcin da hannunsa. Da ya zo ƙasa ya tambayi sunan Baba, na ce Ɗanjuma. Ya rubuta, Awudu ya karanta mini: wanda ya duba littafin, Ishaya ɗan Ɗanjuma majemi. Gwaggo ta ce ko a sa mai kamfani. Ya ce littafin nan ya sha ƙarya ta ishe shi. Sannan ya ba ni awon littafin a takarda, ya ce yana son gafaka ta jar fata daga hannun Baba, kuma a rubuto masa sunan dabbar.

Laraba da Alhamis: komawa

Laraba da safe Gwaggo ta cika mini jaka da dabino da turare, ta ce in gaya wa mutanen gida ita tun farko ta san abin da take yi. Awudu ya kai ni filin jirgi shida da kwata. Mun sauka Legas da rana, na kwana gidan wani abokin karatu a Agege, Alhamis na kamo jirgin Kano na safe. Wannan karon ni ne a taga. Motar Malumfashi ta tashi daga Kabuga ƙarfe biyu, shingayen nan uku suna nan, amma mai tambayar Bulus ba ya bakin aiki. Na shiga gida biyar da minti ashirin na yamma.

Inna ta yi guɗa, maƙwabta suka shigo cin dabino, fastonmu ya zo ya tambaya ko na ji wani iko da na taɓa littafin. Na ce na ji maiƙo a wajen Yohanna. Baba yana bayan gida. Na same shi a kan gungume yana kankare fata, na tsuguna na gaishe shi, na kama hannunsa yadda yake, da tokar da komai.

"Ka duba mini?"

"Na duba. Ba na Larabawa ba ne, na Helenawa ne, masu Girkancin nan. Awaki ashirin da uku, tumaki bakwai."

"A littafi ɗaya? Wa ya ci naman?"

"Ba a rubuta ba."

"Kankarar fa?"

"Ta yi kyau, kamar takarda. Amma mai fiɗar ya huda wuri huɗu."

Ya girgiza kai, ya ce gaggawa ce, ko'ina akwai irinsu. Na ba shi awon gafakar, na gaya masa abin da aka rubuta a ƙasan katin. Ya sa na maimaita, sannan ya ninke takardar ya sa a cikin hula. Na ce akwai wani abu kuma da na duba musamman: wurin nan a Matiyu inda ake ware tumaki dama awaki hagu ranar shari'a, a bayan akuya aka rubuta shi.

Baba ya ajiye kartaji.

"Ta ɗauki maganar shekara ɗari takwas a bayanta, kuma a ce ta koma hagu? A'a. Wannan shari'ar sai an sake zama." Ya tura mini ɗaya kartajin da ƙafa. "Cire rigar makarantar nan. Gafakar Balarabe ba za ta jeme kanta ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo Saratu da ta sa ni a rami, da Abu Rashid da ya bar ni na fito da ƙafata, da Awudu duk da gahawa bakwai. Na kuma gode wa awaki ashirin da uku da ban san sunansu ba. Gafakar ta tafi Doha bayan wata biyu, da 'yar takarda a ciki da Baba ya sa na rubuta: akuya ce, ja, ta Malumfashi.